Ɗalibaina sun haddace ƙa'idar kashi cikin ɗari, amma da an juya tambaya sai su ɓata

Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a Jos ta Arewa, ina koyar da lissafi a JSS 2 da JSS 3. Ba lissafi na karanta a NCE ba, ƙarancin malamai ne ya sa aka ɗora mini shi. Inda nake shan wahala shi ne kashi cikin ɗari da matsakaici. Yaran sun haddace "raba, ka ninka sau 100", amma da an ɗan juya tambayar sai ka ga kamar ba mu taɓa yin darasin ba. Abin da ya sa na rubuto kuwa, ranar da aka raba sakamako wani uba ya zo da katin 'yarsa. Yarinyar ta ci kashi 90 cikin ɗari a CA, wato makin ayyuka da gwaje-gwajen aji, ta ci kashi 40 a jarrabawa. Ya ce in an haɗa 90 da 40 an raba biyu 65 ne, don me muka rubuta 60? Tsarin makarantarmu CA maki 40 ne, jarrabawa maki 60. Na san 60 ɗin ne daidai, amma bakina ya kasa yi masa bayanin da zai gamsu, ya tafi yana ganin mun danne wa 'yarsa maki biyar. Abin ya tsaya mini a rai. Yaya zan koyar da wannan darasi har ya zauna wa yara, kuma me zan ce wa wannan bawan Allah?

Wata malama, Jos

Wa alaikumus salam, Malama. Mu fara da mahaifin yarinyar, tunda shi ne ya tsaya miki a rai, kuma amsar da za ki ba shi ita ce darasin da ajinki yake buƙata.

Lissafinku daidai ne. Kashi 90 cikin ɗari na maki 40 shi ne 36. Kashi 40 cikin ɗari na maki 60 shi ne 24. A haɗa 36 da 24, an samu 60. Nasa lissafin da zai yi daidai in da CA da jarrabawa kowannensu maki 50 ne, domin a lokacin yarinyar za ta samu 45 da 20, wato 65. Bai yi kuskuren tarawa ko rabawa ba. Ya ɗauka ɓangarorin biyu nauyinsu ɗaya ne, alhali ɗaya ya fi ɗaya. Kuma mai yiwuwa ba wanda ya taɓa gaya masa tsarin, don haka bai yi laifi ba da ya zo ya tambaya. Uban da ya zauna ya lissafa makin 'yarsa da kansa, irinsa ake nema.

In ya dawo, ko ma ke ki aika a kira shi, kada ki fara da maganar kashi. Ki ɗauki takarda ki rubuta maki tsura. Ki ce, "Baban wance, makin zango gaba ɗaya 100 ne. An ware 40 domin ayyukan aji, ta ci 36. An ware 60 domin jarrabawa, ta ci 24. Ga takardunta, a duba." Ki bar shi ya tara da kansa. Da zarar 90 da 40 sun koma 36 da 24, gardamar ta mutu, domin ba wanda zai tara su ya samu 65. In ya nemi dalili, sai ki nuna masa cewa inda ta yi ƙoƙari shi ne ƙaramin ɓangare, inda ta yi rauni shi ne babba, shi ya sa jimillar ta karkata ƙasa. Ki kuma roƙi shugaban makaranta a buga rabon makin a jikin katin sakamako, a faɗe shi a taron iyaye tun farkon zango.

Yanzu ga ajinki. Ƙa'idar da suka haddace ba ƙarya ba ce, amma tana amsa tambaya iri ɗaya tak. Abin da ba su riƙe ba shi ne cewa kashi cikin ɗari ba ya tsayawa shi kaɗai, kullum kashin wani abu ne. Kashi 20 na naira 500 da kashi 20 na naira 50,000 ba su haɗa hanya ba. Saboda haka tambayar da nake so ki maimaita har yaran su fara riga ki faɗa ita ce: kashi na me? Wace lamba ce cikakken abu, wadda ta tsaya a matsayin 100? Kusan duk kurakuran da za mu gani a ƙasa daga rashin amsa wannan suke tasowa.

Kafin ki sake koyar da komai, ki ba su tambayoyi biyar a yagaggiyar takarda, minti 15, ba kalkuleta, ki gaya musu ba maki a ciki don kada su kwafa. Ta farko, kashi 10 na 450. Ta biyu, wanda ya ci 18 cikin 25, kashi nawa ya ci. Ta uku, kashi 5 na 600. Ta huɗu, an yi ragin kashi 20 a kan takalmi aka biya naira 9,600, nawa ne farashinsa na asali. Ta biyar, aji mai yara 20 matsakaicin makinsa 70, aji mai yara 60 matsakaicinsa 50, mene ne matsakaicin ajin biyu a haɗe. Amsoshin su ne 45, 72, 30, 12,000 da 55. Amma amsoshin da ba daidai ba su ne masu amfani gare ki, domin kowace tana nuna inda kan yaro ya karkace. Wanda ya rubuta 139 ko 1.39 a ta biyu ya kifa lambobin, ya raba 25 da 18. Wanda ya rubuta 300 a ta uku ya mai da kashi 5 ya zama 0.5 maimakon 0.05. Wanda ya rubuta 120 ya yi tunani mai kyau a wurin da bai dace ba: ya ga kashi 10 rabawa gida 10 ne, sai ya zaci kashi 5 rabawa gida 5 ne. A ta huɗu za ki ga 11,520 da yawa, a ta biyar kuma 60, irin lissafin mahaifin nan. Ki ware takardun bisa irin kuskure, za ki san inda za ki kashe lokaci.

Darasin farko ya zama na ido. Littafin lissafi mai gida-gida ya isa: kowa ya zana murabba'i, gida 10 tsaye 10 kwance, gida 100 ke nan. A shafe gida 25 da fensir, a ga rubu'i ne. A shafe 50, rabi. A shafe layi ɗaya, ushiri. Sannan ki ce duk murabba'in nan naira 2,400 ne, nawa ke cikin layi ɗaya? 240. Gida ɗaya fa? 24. Ki canja kuɗin zuwa 700, sannan 50, ki bar zanen yadda yake. A nan ne yaro zai ga cewa zanen bai motsa ba amma darajar gida ɗaya tana canjawa da abin da aka ce shi ne cikakke. Cikakken abu mai ƙasa da 100, kamar 50 ko 25, shi ya fi rikita su, don haka kada ki guje shi.

Daga nan sai hanyar ushiri, wadda ita 'yan kasuwa ke bi da ka. A nemo kashi 10, rabinsa kashi 5, rabin wannan kashi 2.5, ushirin ushiri kashi 1, sai a gina duk abin da ake so da su. Kashi 35 na 2,400: ushiri 240, sau uku 720, a ƙara rabin ushiri 120, an samu 840. Harajin VAT da ya koma kashi 7.5 a Najeriya a 2020 misali ne mai kyau, domin yara na ganinsa a rasidin manyan shaguna. A kayan naira 8,000, kashi 5 shi ne 400, kashi 2.5 shi ne 200, harajin 600, abin biya 8,600. Ajinki a Jos yake, don haka kalmar ushiri ba baƙuwa ba ce ga kowa: yaran coci sun san fitar da ɗaya cikin goma, yaran Islamiyya sun san zakkar hatsin damina ushiri ce, ta noman ban ruwa da wahala rabin ushiri, ta kuɗi ɗaya cikin arba'in, wato kashi 2.5. Manomin da ya samu buhu 40 zai fitar da huɗu ko biyu, ya danganta da yadda gonar ta sha ruwa. Sai bayan hannunsu ya faɗa da wannan za ki kawo ninkawa da lamba mai ɗigo, 0.35 sau 2,400, su ga amsa ɗaya ce. Ki hana su danna alamar kashi a kalkuleta a wannan mataki, domin kalkuletoci ba su aiki da ita iri ɗaya, kuma tana ɓoye wa yaro abin da ake yi.

Ki kafa musu doka ɗaya: kafin a lissafa, a yi kintace a rubuta shi a gefe. Kashi 48 na 620 ya kusa rabi, don haka amsar tana ɗan ƙasa da 310. In yaro ya samu 297.6, ya san yana kan hanya. In ya samu 29.76 ko 2,976, shi da kansa zai kama kansa. Wannan ɗabi'a kaɗai tana kashe kurakuran ɗigo.

Tambayoyin kashi iri uku ne, kuma littattafai sun fi cika yara da biyun farko. Akwai wadda aka ba ka cikakke da kashi ka nemo yanki, akwai wadda aka ba ka yanki da cikakke ka nemo kashi, akwai kuma wadda aka ba ka yanki da kashi ka nemo cikakke. Ta ukun nan ce inda gizo ke saƙa. Mu koma kan takalmin. Yaro ya ga 9,600 da kashi 20, sai ya lissafa kashi 20 na 9,600, ya samu 1,920, ya ƙara, ya rubuta 11,520. Kada ki ce masa ya faɗi. Ki ce ya gwada amsarsa: ya cire kashi 20 daga 11,520. Zai cire 2,304, ya samu 9,216, ba 9,600 ba. Sannan ki tambaya: ragin nan, a kan wane farashi mai shago ya yi shi? A kan na asali. To 9,600 layi nawa ne a murabba'inmu? Takwas, tunda an cire biyu. In layi takwas 9,600 ne, layi ɗaya 1,200 ne, goma 12,000. Ki sa su zana doguwar sanda mai gida goma a kowace irin wannan tambaya, su rubuta lambar da aka bayar a ƙarƙashin gidajen da take wakilta. Haka ake warware farashin da VAT ke ciki: 8,600 kashi 107.5 ne, a raba shi da 1.075 a koma 8,000.

Hawa da saukar farashi ma ki ba su darasi guda cur. A ce kwandon tumatir a kasuwar Farin Gada naira 20,000 ne, ya tashi da kashi 50, ya zama 30,000. Kaya suka shigo ya sauka da kashi 50. Ki tambayi ajin nawa ya koma, kusan duka za su ce 20,000. Amsar 15,000 ce, domin saukar a kan 30,000 aka lissafa ta. Haka daga 20,000 zuwa 25,000 ƙarin kashi 25 ne, amma daga 25,000 zuwa 20,000 ragin kashi 20 ne, duk da naira 5,000 ce a duka biyun. Kullum inda aka taso shi ne 100. A riba da faɗuwa kuma, jarrabawa tana lissafawa a kan uwar kuɗi: an saya 8,000 an sayar 10,000, riba 2,000 a kan 8,000, kashi 25. Mai rabawa da kuɗin sayarwa zai samu 20. Akwai kuma wani kuskure da har manya ke faɗawa ciki a rahoton makaranta. In masu cin jarrabawa sun tashi daga kashi 40 zuwa kashi 50, tazarar 10 ce, amma in girman ajin bai canja ba yawan masu cin ya ƙaru da kashi 25, tunda 10 rubu'in 40 ne.

Matsakaici mai nauyi, wato irin na CA da jarrabawa inda wani ɓangare ya fi wani nauyi, kada ki fara shi a allo. Ki sa yara su tara murafun kwalba. Ki fito da yara takwas gaban aji, ki ba biyu murfi takwas-takwas, ki ba shida murfi huɗu-huɗu. Ki tambayi ajin: in za a raba daidai wa daida, nawa kowa zai samu? Za su ce takwas da huɗu sha biyu, a raba biyu, shida. Ki ce to a zuba a tire a raba shida-shida. Murafun 40 ne, rabon shida-shida na buƙatar 48, don haka yara shida za su samu cikakken rabo, na bakwai ya samu huɗu, na takwas ya tsaya hannu wayam. A sake rabawa, kowa biyar. Gani ya kori ji. Sai ki tambaye su me ya sa amsar ta fi kusa da huɗu a kan takwas, ki bar su su faɗa da bakinsu cewa masu huɗu sun fi yawa.

Washegari ki kawo misalin kuɗi, domin ya nuna cewa kuskuren yana da tsada. A ce ɗan kasuwa ya sayo dankalin Turawa daga Bokkos, buhu 2 a kan naira 30,000 kowanne, buhu 8 a kan 40,000 kowanne. In ya haɗa farashin biyu ya raba biyu zai ce buhu ya tsaya masa 35,000, ya sayar 37,000 yana murnar ribar 2,000 a kowane buhu. Amma kuɗin da ya fita daga aljihunsa 60,000 ne da 320,000, jimilla 380,000, a buhu 10, wato 38,000 kowanne. Ya yi asarar 1,000 a kowane buhu, 10,000 gaba ɗaya, ban da kuɗin mota da na 'yan dako. Yaran da iyayensu ke kasuwar Taminus ko Katako za su kama wannan nan take, wasu ma za su riga ki.

Abin da misalan biyu ke koyarwa shi ne matsakaici mai nauyi ba sabon lissafi ba ne. Jimillar komai ce a raba da yawan komai, kamar kowane matsakaici. Bambancin kawai an ba ka lambobin a dunƙule, sai ka warware su kafin ka tara. Daga nan ki ba su tsarin rubutu guda ɗaya da za su bi kullum, layi uku a tsaye: na farko daraja, wato maki ko farashi, na biyu nauyi, wato yawan yara, yawan buhu ko kason da aka ware, na uku daraja sau nauyi. A tara layi na biyu, a tara na uku, a raba jimillar na uku da jimillar na biyu. Ajin nan biyu: 70 sau 20 shi ne 1,400, 50 sau 60 shi ne 3,000, jimilla 4,400, a raba da yara 80, an samu 55. Yarinyar mahaifin nan: 90 sau 40 shi ne 3,600, 40 sau 60 shi ne 2,400, jimilla 6,000, a raba da 100, an samu 60.

Kurakuran da za ki gani a wannan tsari sanannu ne. Mafi yawa shi ne raba jimillar da yawan layukan kwance, yaro ya raba 4,400 gida biyu ya rubuta 2,200 a matsayin matsakaicin maki bai ji komai ba. Maganinsa gwaji biyu da za su yi wa kowace amsa: dole ta faɗa tsakanin ƙaramar daraja da babba, kuma dole ta karkata wajen mai nauyi. Kuskure na biyu shi ne rashin gane wanne ne daraja wanne ne nauyi, sai a raba da jimillar da ba ita ba. Ki koya musu su duba abin da tambaya ke nema: in matsakaicin farashi ake so, farashi ne daraja, ɗayan ne nauyi. Na uku shi ne zaton dole nauyi ya taru ya ba da 100. Ba dole ba ne, buhunanmu 10 ne, yaranmu 80.

Sauran kurakuran a ɗakin malamai suke faruwa, ranar haɗa sakamako, kuma su ne ke jawo irin zuwan da aka yi miki. Akwai ɗora nauyi sau biyu: makin da tuni yake cikin 40, kamar 36, a sake ninka shi da 0.4 ya koma 14.4. In an riga an yi makin a kan 40 da 60, tarawa kawai ake yi. Akwai tara makin da ma'auninsu ya bambanta: gwajin da aka yi a kan 25 amma kasonsa 10 ne, sai an mai da shi, 18 a raba da 25 a ninka sau 10, ya zama 7.2. Akwai kuma cike lamba tun da wuri. Yaron da ya samu 7.5, 7.5, 14.5 da 39.5 jimillarsa 69 ce, amma in an cike kowace kafin tarawa za a samu 8, 8, 15 da 40, wato 71, ya tsallake iyakar 70 da makin da bai ci ba. A cike sau ɗaya, a ƙarshe. Sannan batun wanda bai rubuta gwaji ba saboda rashin lafiya: sifiri daban, rashin zuwa daban. Yarinyar da ta ci 63 cikin maki 90 da ta zauna wa, in an sa mata sifiri a gwajin da ta rasa 63 gare ta, in an lissafa a kan abin da ta rubuta 70 gare ta. Ni a ganina sake mata gwajin ya fi duka biyun adalci, amma ko wanne makaranta ta zaɓa, ta rubuta shi tun kafin a san ɗan wa abin zai shafa. In kuna haɗa sakamako da Excel, ki sani AVERAGE yana tsallake gidan da ba a rubuta komai ba amma yana ƙirga sifiri, kuma ba ya la'akari da nauyi. SUMPRODUCT a raba da SUM shi ne daidai da layukanmu uku.

Darasin da yara suka fi so shi ne na juya lissafin a kan makinsu. Kowa ya rubuta CA ɗinsa, ya lissafa abin da yake buƙata a jarrabawa. Mai 14 cikin 40 da ke son 50 yana buƙatar 36 cikin 60, kashi 60 ke nan. Mai 28 da ke son 70 yana buƙatar 42, kashi 70. Mai 8 da ke son 70 yana buƙatar 62 cikin 60, wanda ba zai yiwu ba. Ki yi wannan a tsakiyar zango, lokacin da sauran gwaji guda a gaba, don ya zama gargaɗi mai amfani, kuma kowa ya yi nasa a littafinsa ba tare da an karanta a fili ba.

'Yan JSS 3 masu kaifi ki ɗan leƙa musu gaba. Makin JAMB a kan 400 yake, don haka 240 kashi 60 ne. GPA na jami'a kuwa, wato matsakaicin makin ɗalibi na zango, wannan lissafin ne sak, nauyinsa shi ne yunit na kowane kwas. A ma'aunin maki biyar da galibin jami'o'in Najeriya ke bi, A daga 70 ne kuma maki 5, B daga 60 maki 4, C daga 50 maki 3. Ɗalibin da ya ci C a kwas mai yunit 4, B a mai yunit 3, A a mai yunit 2, da A a mai yunit 1, zai tara 12, 12, 10 da 5, wato 39, a raba da yunit 10, GPA 3.9. Da an yi watsi da yunit sai a ce 4.25. CGPA, wato matsakaicin duk zangunan a haɗe, ma haka: zango mai yunit 24 da GPA 3.0, da zango mai yunit 16 da GPA 4.5, kowanne ya ba da 72, jimilla 144 a raba da 40, an samu 3.6, ba 3.75 ba.

Wannan duka zai ci miki kamar mako uku, kuma na san manhajar zango ba ta ba ki wannan sarari ba. Ki ci bashin lokacin, domin riba da faɗuwa, ragi, kamasho, haraji da kuɗin ruwa duk a kan wannan suke zaune, za su yi sauri in tushen ya kafu. Bayani ki yi shi da harshen da yaro ya fi ji, amma ki rubuta kalmomin Turancin a gefen allo ki sa su karanta tambayoyin BECE, jarrabawar kammala JSS 3, na shekarun baya, tunda da Turanci za a tambaye su. Ke kuma, tunda ba fanninki ba ne, ki warware kowane misali da dare ta hanya biyu, ta ushiri da ta ɗigo. In amsoshin sun haɗu, za ki shiga aji da ƙarfin gwiwa. Bayan mako ukun ki sake ba su tambayoyi biyar ɗin da wasu lambobi, ki gauraya jerin don kada matsayin tambaya ya nuna musu hanya.

Saura abu ɗaya da ya fi maki biyar ɗin nan muhimmanci, kuma shi ya kamata ku tattauna da mahaifin bayan ya gamsu da lissafin. Yarinyar da ke cin kashi 90 a aji ta faɗo 40 a jarrabawa, akwai dalili. Ki raba makin CA ɗinta gida biyu, aikin gida daban, gwajin da aka yi a gabanki daban. In na gida ne ya ɗaga ta, wani ke taya ta ko tana kwafa. In gwajin aji ma tana ci, to wataƙila tana riƙe darasin makon ne ya zube bayan wata guda, sai ki riƙa sa tsofaffin tambayoyi biyu a kowane sabon gwaji. Ki kuma duba takardar jarrabawar kanta. In tambayoyin ƙarshe ta bari ba ta taɓa ba, lokaci ne ya ƙure mata, sai a sa ta ta saba yin aiki da agogo a gida. In kuwa lissafi tsura take ci tana faɗuwa a masu dogon rubutu, karatun Turancin ne matsalar, sai ki zaunar da ita ta karanta miki tambaya da ƙarfi, ta faɗa miki da Hausa abin da aka bayar da abin da ake nema, kafin ta taɓa biro.